Mun zubar da dakashi, mun dawo muna sayen labarinsa a roba

Sati uku da suka wuce wata murya ta shigo guruf ɗinmu na dangi a WhatsApp, irin wadda kafin ta iso gareka ta zaga wayoyi ɗari. Wani mutum ne mai daɗin baki, ya yi sallama ya yi salati, sannan ya ce wai Turawa sun gano nonon shanu na kashe duk wata cutar fata, makero ne, ƙyasbi ne, cin ruwa ne, har sanyin mata, ya kira sunan wani sinadari laktoferin ya maimaita shi sau uku, ya ce a samu ɗanyen nono wanda wuta bata taɓa ba a riƙa shafawa safe da yamma, wanda kuma bai da halin samun ɗanyen to ga nasu nan sun haɗa a roba, ga lambar waya. Kafin la'asar matar yayana ta aika an sawo mata nono wajen Fulanin da ke zama bakin kasuwa, ta zaunar da ɗanta mai shekara bakwai a kan tabarma ta lafta mashi a kai. Da na shiga gidan bayan magariba na iske yaron ya takure a gefe yana kore ƙuda da hularsa, kan na tsami, wajen da makeron ya ci ya yi jawur. Na ce Anti mene ne haka? Ta ce Malama ke da kika yi boko ai ke ya kamata ki fara gaya mana, ba ki ji abin da likitan nan ya ce ba? Ba likita ba ne, amma ban ga laifinta ba ko kaɗan, uwa ce, wata huɗu tana kallon kan ɗanta na zubewa, yara na tsokanarsa a makarantar allo, ta sayi man shafawa kala uku ba wanda ya yi.

Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandare nan Daura, kuma a gaban shanu na tashi, kakata ta wajen uwa tana da garke a wani ƙauye ta wajen Sandamu, hutu duk can muke yi. Na san ƙamshin ƙwaryar da aka turara, na san bambancin kindirmo da tsala tun ban iya karatu ba. Don haka in na ce a yi hattara da maganar nan kar wani ya ɗauka raina nono nake, wallahi ba abincin da nake girmamawa kamarsa. Abin da ya fi ci mani rai shi ne mutumin nan ba ƙarya zalla ya yi ba, da ƙarya zalla ce da sauƙi. Gaskiya ya ɗauko ya yanke mata kai da ƙafa ya zuba a roba.

Laktoferin ɗin akwai shi. Furotin ne da ke cikin nono, an fara ganinsa a nonon saniya tun 1939, a 1960 aka iya ware shi shi kaɗai daga nonon mutum da na shanu, kuma ba a nono kawai yake ba, yana cikin hawayenka, yana cikin yawunka, yana cikin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Aikinsa kuwa abin mamaki ne, duk sanda nake koyar da shi sai na ji tsigar jikina ta tashi don ikon Allah. Su waɗannan cututtuka da ake cewa fangas, dangin funfunar da ke fitowa a burodi ne da yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, rayayyu ne, kuma ba sa iya yaɗuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda ake cewa ayon. To shi laktoferin sai ya damƙe ayon ɗin, kowane ƙwaya ɗaya na riƙe biyu, ya ƙi saki, kamar a rufe rijiya a bar maƙiyi da ƙishirwa. Bayan haka in ya shiga ciki ruwan narka abinci ya yanka shi, wani guntu na fita daga jikinsa da ake kira laktoferisin, masu bincike a Japan suka bayyana shi a 1992, shi kuma wannan guntun kai tsaye yake manne wa bangon ƙwayar cutar ya huda shi. An gwada a ɗakin bincike a kan kandida, wato ƙwayar da ke sa farin abu ya lulluɓe harshen jariri kuma take kawo wa mata ƙaiƙayi, an ga yana hana ta girma, an ma ga in aka haɗa shi da fulukonazol, wani maganin fangas, maganin na ƙara ƙarfi har a kan wasu ƙwayoyin da suka fara taurin kai. Duk wannan gaskiya ne, ba na jayayya da ko ɗaya.

Amma fa a faranti ne, cikin gilashi, an tace furotin ɗin an auna shi an zuba shi kai tsaye a kan ƙwayar. Tsakanin farantin ɗakin bincike da kan yaro ɗan shekara bakwai akwai tafiya, kuma mai muryar nan tsallake tafiyar ya yi gaba ɗaya.

Fara da yawan abin. Nonon saniya na yau da kullum laktoferin ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, abin da ke cikin lita ɗaya bai cika wuce giram 0.1 zuwa 0.2 ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kaga kenan kafin kamfani ya haɗa kilo ɗaya sai ya tace lita dubu biyar zuwa dubu goma, shi yasa yake da tsada a kasuwar duniya, shi yasa kuma nake tambaya wannan roba da ake sayarwa kuɗin kati a WhatsApp me ke cikinta? Wa ya auna? Ina lambar NAFDAC ɗinta? In madarar gari ce aka dama da man kaɗanya wa zai sani? Nonon mace kuwa ya ninka na saniya nesa ba kusa ba, giram 1 zuwa 2 a lita. Sannan sai ka zo kan dakashi, wannan ruwan ɗorawa mai kauri da ke fara zuwa kwana biyu ukun farko bayan haihuwa, shi ya kan kai giram 5 zuwa 7 a lita. Wato cikin waɗannan duka ba inda wannan sinadari ya taru kamar cikin dakashin uwa. Kuma shi ne muke matsewa mu zubar.

Nan ne zuciyata ke karyewa. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, a gidajen dangi da na maƙwabta, mace ta haihu musamman haihuwar fari, tsofaffi su ce a dakata nonon bai gyaru ba, wai ƙazanta ne, wai zai sa jariri gudawa, a matse a zubar, a yi ta ɗura wa jariri ruwa ko madarar akuya ko jiƙo har kwana biyu uku. Na taɓa ganin an tatsi nonon wata yarinya a ludayi an jefa tururuwa a ciki wai in ta mutu nonon mugu ne, yarinyar na kuka jaririn na kuka. Ban ce komai a kan ɗan dabinon da ake shafa wa jariri a baki ba, wannan sunna ce kuma bata hana a sa shi a nono a take, abin da nake magana a kai shi ne hana shi abin da Allah ya tanadar mashi a daidai lokacin da jikinsa bai da wata garkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata shida, ma'aikatan lafiya na faɗa a wajen awo har muryarsu ta dishe. Mu ji mu ƙi. Sai wani da ba mu taɓa gani ba ya turo murya ya kira sunan sinadarin da Turanci, sai mu tashi da gudu muna neman na saniya wanda bai kai kashi ɗaya cikin talatin na abin da muka zubar bayan ɗaki ba.

Kakata, Allah ya jiƙanta, bata taɓa jin kalmar laktoferin ba, amma in saniya ta haihu bata yarda kowa ya matso da ƙwarya, sai ɗan maraƙi ya sha ya ƙoshi. Takan ce maraƙin da bai sha dakashi ba ba naka ba ne, ko damina bai gani. Kowane makiyayi daga nan har Mai'adua ya san wannan. Mun san shi a kan maraƙi, me ya hana mu sanin shi a kan ɗan mutum?

Yanzu a kan gwajin da aka yi wa mutane, don in yi adalci. A Italiya wani likitan jarirai Paolo Manzoni da abokan aikinsa sun yi gwaji a kan bakwaini 472 a asibitoci 11, wasu aka ba su laktoferin na shanu wanda aka tace, wasu kuma aka ba su abin da ba magani a ciki don a kwatanta, sakamakon ya fito a 2009, waɗanda suka samu laktoferin kusan kashi 6 cikin 100 ne cuta ta shiga jininsu, waɗanda ba su samu ba kuwa kashi 17. Da suka sake duba alƙaluman a kan fangas kaɗai nan ma suka ga ragi mai yawa. Duniya ta yi murna, ni ma da na fara karantawa na yi. Sai Ingila ta ce bari a maimaita da jarirai masu yawa, aka yi wani babban gwaji mai suna ELFIN, jarirai 2,203 a asibitoci 37, sakamakon ya fito a 2019, kashi 29 na waɗanda suka samu laktoferin suka kamu da cuta, kashi 31 na waɗanda ba su samu ba, wato kusan ba bambanci. To kun ga yadda ilimi yake tafiya, manyan likitoci da na'urori da kuɗi har yau suna kai da komowa a kan shi, ga wanda aka tace aka auna ma kenan, kuma a matsayin riga-kafi ga jariri ta baki, ba a matsayin abin shafa wa makero ba. Shi kuwa mai robarmu ya gama yanke hukunci cikin minti huɗu har da rantsuwa.

Makeron kai kuma yana da wani hali da ya kamata kowace uwa ta sani. Ƙwayar ba a saman fata kawai take zaune ba, cikin silin gashi take shiga ta bi shi har saiwa, shi yasa gashin ke karyewa ya bar fili kamar an share. Duk abin da ka shafa a sama, nono ne, man shanu ne, ko ma man asibiti na gaske ne, ba ya kai wa can ƙasan. Sai an sha magani ya bi jini ya fito ta saiwar gashin. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi sunansa girisiyofulbin, tun ƙarshen shekarun 1950 yake, ana shansa kullum sati shida zuwa takwas gwargwadon nauyin yaro, akwai kuma tabinafin, ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa ya auna. Kuma ga inda nono ke da aikinsa na gaskiya a wannan magana, wanda mai muryar bai faɗa ba don ba zai kawo mashi ko sisi ba: girisiyofulbin ba ya shiga jiki da kyau sai da abinci mai maiƙo, shi yasa ake cewa a sha shi da madara mai kitse. Wato kindirmon nan da Anti ta lafta wa yaron a kai, da a kofi ta zuba mashi bayan an tafasa ya kora ƙwayar maganin da shi, da ya yi aikin da take nema.

Man shafawar da ta saya kala uku kuwa na karɓa na duba kwalayen, biyu daga ciki irin masu haɗi uku ne, maganin fangas da na bakteriya da sitiroyid a bututu ɗaya. Wani mai kemis ne ya ba ta, bai tambayi shekarun yaro ba bai ce a kawo shi ya gani ba. Sitiroyid ɗin nan shi ne mayaudarin, kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta jan ya dushe ki ce Alhamdulillahi, alhali garkuwar fatar ya danne, ƙwayar na can tana faɗaɗa gona, ranar da kika daina ta dawo ta ninka. Kuma irin wannan man ne 'yan matanmu ke zubawa cikin man shafawarsu don fata ta yi haske, har ana shafa wa jarirai, wannan ma wata magana ce mai zaman kanta. A Indiya irin wannan shafe-shafen barkatai na cikin abin da likitoci ke ɗora wa alhakin ɓullar wani sabon makero mai taurin kai wanda tabinafin baya ji, a 2020 aka raɗa mashi suna, yanzu ya tsallaka ƙasashe da yawa har Turai da Amurka. Mu da muke zirga-zirga Indiya neman lafiya da karatu, kuma muke da kemis a kowane lungu da ke sayar da man nan kamar alewa, sai mu yi ta addu'a kuma mu gyara.

Dalilin ma kenan da yasa masana ke wahalar da kansu a kan furotin ɗin nono tun farko, ba don sha'awa ba. Magungunan fangas kaɗan ne a duniya, manyan gidajensu na cutar da ta shiga jiki ba su wuce uku zuwa huɗu ba, saboda ƙwayar fangas ginin jikinta ya yi kusa da namu, abin da zai kashe ta ba tare da ya taɓa hanta ko ƙoda ba wuyar samu gare shi. A 2009 aka gano wata sabuwar kandida a kunnen wata majinyaciya a Japan, kandida auris, wadda ke manne wa gadon asibiti da kayan aiki kuma fulukonazol bai cika yi mata komai ba, ta yi ɓarna a asibitocin Afirka ta Kudu da Kenya da Indiya. A watan Oktoba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 mafi haɗari, karo na farko a tarihi. Don haka neman sabon makami wajibi ne, kuma ina fatan laktoferin ya zama ɗaya daga ciki, da gaske nake. Amma fata daban, magani daban.

Sai maganar ɗanye, don mai muryar ya nanata kar a tafasa. Ta wani gefen yana da hujja, tafasa mai tsanani na lalata yawancin laktoferin. Amma bai gaya wa mutane me kuma ke cikin ɗanyen nono ba. Akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari, tana bin ɗanyen nono ta kama mutum, zazzaɓi ya yi ta zuwa yana komawa wata da watanni da ciwon gaɓoɓi da zufar dare, a yi ta shan maganin maleriya da taifod ba sauƙi. Akwai tarin fuka na shanu. Akwai ƙwayoyin da ke kawo ƙuraje masu mugunya daga hantsar saniya mai ciwo, su kuma ka ɗora su a kan fatar da yaro ya riga ya sosa ta fashe, me kake tsammani? Haka nonon raƙumi da ake kawo mana ta Kongolam da kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, abinci ne mai kyau kuma shi ma yana da laktoferin, amma a tafasa, tun bayan ɓullar cutar numfashi ta MERS a Saudiyya a 2012 wadda ake ɗauka daga raƙuma hukumomin lafiya ke gargaɗi a kan shan shi ɗanye. Masu ƙyasbi kuma da ake cewa su shafa man shanu, ƙwayar ƙyasbi maiƙo ne abincinta, a ɗakin bincike ma in ana son ta tsiro sai an zuba mata man zaitun a faranti, kaga mai shafa mata mai tuwo yake kai mata har gida.

'Yan uwana mata, bari in yi magana da ku kai tsaye, don ku aka fi nufa da tallan nan. Kalmar sanyi ta zama buhu, komai a ciki ake zubawa. Ƙaiƙayin kandida sanyi, canjin ƙwayoyin bakteriya mai kawo wari sanyi, cutar da ake ɗauka wajen miji sanyi, ciwon mara sanyi, kuma kowanne maganinsa daban, wani ma sai an haɗa da maigida an yi maganin tare in ba haka ba aikin banza ne. Kandida ita kanta ba abin kunya ba ce, mata uku cikin huɗu sai sun gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa, ciki na tayar da ita, shan maganin kashe bakteriya barkatai na tayar da ita, kuma in tana yawan dawowa wani lokaci suga ne ke buga ƙofa, gwajin jini na minti biyar zai nuna. To mace ta zauna tana matsi da kindirmo wata shida a kan shawarar muryar WhatsApp, in ciwon suga ne yana can yana cin ido da ƙoda, in cutar da ke toshe hanyar ƙwai ce tana can tana toshewa, ranar da za a je asibiti neman haihuwa a ce an makara. Na san matan da haka ta faru da su, ina zama da su a gidan biki da gidan suna, ba labari ba ne. Na kuma san dalilin da yasa ake gudun asibiti, layi, kuɗin gwaji, kunyar a iske namiji ne a ɗakin, wani lokaci da tsawar da za a yi maki a gaban mutane. Duk gaskiya ne, kuma har sai an gyara waɗannan masu roba ba za su rasa kasuwa ba. Amma dan Allah ko sau ɗaya ne a daure a je a gwada a san sunan abin da ake fama da shi.

Wani waje da nono ya nuna ƙarfinsa a fili kuwa, kuma ba wanda ke turo mana murya a kansa, shi ne gona. A 1999 wani masani a Barazil, Wagner Bettiol, ya nuna cewa in aka surka nonon shanu da ruwa, kashi ɗaya nono kashi tara ruwa ko nonon ya fi haka, aka fesa wa ganyen wani nau'in kabewa sau biyu a sati, yana danne farar cutar nan da ke lulluɓe ganye kamar an barbaɗa toka, har ya yi kafaɗa da kafaɗa da maganin kanti. A Ostareliya ma an gwada ruwan da ke fita in an yi cuku a gonakin inabi an ga amfani. Me yasa a ganye ya yi a kan yaro bai yi ba? Saboda ita wannan cutar a saman ganye take kwance, ruwan na taɓa ta kai tsaye ga rana na dukanta, ba ta shige cikin saiwar gashi ba. Manoman rani da ke Sabke da Daberam da Jibiya, masu kankana da gurji da kubewa, suna kashe kuɗi a kan maganin feshi suna shaƙa ba takunkumi ba safar hannu, ga tsala nan da 'yar Fulani ke rasa mai saye in rana ta yi. Ban ce manomi ya je ya zuba a gonarsa duka gobe ba, a gwada a kunya biyu uku a gani tukuna, amma wannan shi ne irin aikin da nake so in ji malaman gona sun ɗauka.

Kuma ina jami'o'inmu? Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da Zariya. Duk shekara ɗalibai na rubuta furojet, ina roƙon malamansu, a ba wasu su auna laktoferin ɗin da ke cikin nonon Bunaji da Rahaji da Bokolo da na raƙumanmu, rani da damina, a ɗebo makeron da ke kan yaranmu na firamare da tsangaya a san wane iri ne, wane magani yake ji wane ne baya ji, a sayo robobin nan da ake talla a buɗe a gaya wa jama'a abin da ke ciki, kuma a faɗe shi da Hausa a rediyo, kar a bar shi a kabad ƙura ta rufe. Shiga kowace tsangaya a garin nan ka ce yara su cire hula ka ƙirga kawuna, aska ɗaya ta aske yara ashirin, tabarma ɗaya, hula ana musanye, wannan kaɗai ya isa a ce hukumar lafiya a matakin farko ta ware magani ta bi makarantu kamar yadda ake bin gida-gida da rigakafi. Yaron da ke bara ba shi da uwa kusa da za ta lafta mashi ko nonon ma.

Washegarin ranar da aka lafta mashi nonon na ɗauki ɗan yayana da kaina muka je asibiti, aka duba aka auna nauyinsa aka rubuta magani na sati shida, aka ce a wanke hulunansa da matashinsa da ruwan zafi, a ware mashi abin taje kai, a duba ƙannensa, aka kuwa samu ƙaramar ta fara. Kullum bayan cin abincin dare Anti na tafasa madara ta bar ta ta huce ta ba shi ya kora maganin, yau kwana goma sha tara, jan ya tafi, in ka shafa wajen za ka ji gashi ya fara tsirowa kamar sabuwar ciyawa, na dai ja mata kunne kar ta ga sauƙi ta tsaya sai an cika kwanakin.

Ƙanwar mijina kuma watan gobe ne watanta, haihuwar fari. Jiya na je gaida Goggo na iske ta riga ta tanadi itacen wankan jego da kanwa, na zauna kusa da ita na ce Goggo alfarma nake nema, in Allah ya sauke ta lafiya a bar jaririn ya sha na farkon nan kar a zubar. Ta yi shiru ta ce 'yar nan mu haka muka tarar, haka aka yi mana. Na ce Goggo in saniya ta haihu fa, ana hana maraƙi? Ta daɗe tana kallona bata ce komai ba, sai can ta ce to ki zo ranar, ki tsaya a ɗakin da kanki, in sauran tsofaffin sun yi magana ni zan amsa masu. Na riga na gaya wa shugaban makarantarmu cewa ranar da aka kira ni, ko ina tsakiyar aji ne, zan nemi izini in tafi.